Yadda zaka bi salsalar Baturen mulkin mallaka mai awon ƙasa, mu gwada da Kanar William Light

Jama'a in kana son tono asalin irin Turawan nan na farko da suka tsallaka teku suka je suka tare a ƙasar wasu, musamman wanda aikinsa safiyo ne, wato awon ƙasa da yanka filaye, to ta wani ɓangaren ka yi sa'a, don mai awon ƙasa baya ɓuya, duk inda ya ratsa sai ya bar sa hannunsa a taswira da lamba a jikin fili. Inda ake shan wuya shi ne ɓangaren iyali, waye ubansa, wacece uwarsa, wa ya aura, su waye 'ya'yansa na cikinsa. Anan ne labarin baka yake cakuɗewa da gaskiya, kuma anan mafi yawan masu bincike suke sakin hanya saboda sun bi suna kawai sun bar takarda.

Don kada maganar ta zama a iska bari mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi. Kanar William Light, shi ne Safiyo Janar na farko na yankin Ostireliya ta Kudu, shi ya zaɓi wurin da birnin Adelaide yake yau kuma shi ya zana shi. Na zaɓe shi ne don kusan duk wani rami da mai bincike zai iya faɗawa akwai shi a tarihin gidansu.

Farko dai ka fara daga ƙarshe, wato daga mutuwa ka riƙa komawa baya, kada ka fara daga kakanni kana saukowa. Dalili shi ne mutuwar mutum irin wannan tafi haihuwarsa samun shaida, lokacin da aka haife shi ba kowa ba ne, lokacin da ya mutu kuwa jarida ta rubuta, coci ta rubuta, an karanta wasiyya. Light ya rasu ranar 6 ga Oktoba 1839 a Adelaide, tarin fuka ne ya kashe shi, aka binne shi a dandalin da ake kira Light Square a tsakiyar birnin da ya zana. Ka samu littafi ko ka buɗe fayil a kwamfuta ka rubuta wannan, a gefensa ka rubuta inda ka samo. Kowace magana da inda ta fito, ko da kana ganin bazaka manta ba, wallahi bayan wata biyu zaka manta. Kuma ka raba shafinka gida biyu, gefe ɗaya abin da takardar zamanin ta faɗa, ɗaya gefen abin da mutane suka ce daga baya. Zaka ga amfanin wannan rabon nan gaba kaɗan.

Sai ka san irin takardun da ke akwai a zamanin da waɗanda babu, don kada ka ɓata lokaci kana neman abin da ba a taɓa rubutawa ba. A Ingila gwamnati bata fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai 1 ga Yuli 1837, a Ostireliya ta Kudu kuwa sai 1842, ƙidayar jama'a ta Ingila da ta fara ɗaukar sunan kowa da kowa ita ce ta 1841. Kaga kenan wanda aka haifa a 1786 ya mutu a Adelaide a 1839 bashi da satifiket ɗin haihuwa, bashi da na mutuwa, kuma bazaka ganshi a ƙidaya ba. Abin da ya rage maka shi ne rajistar coci ta baftisma da aure da binnewa, da wasiyya, da takardun aikin soja, da wasiƙun ofis, da jarida, sai kuma takardun fili. Shafin FamilySearch kyauta ne kuma yana da tarin rajistar coci, amma ka kiyayi bishiyar zuri'a da mutane suke ɗorawa da kansu a irin waɗannan shafukan, wani ya kwafi wani ne shima ya kwafi wani, kuskure ɗaya sai ka ganshi a wuri hamsin har ka ɗauka gaskiya ne. Ka nemi hoton asalin shafin rajistar ka karanta da idonka.

Jarida kuwa ga Ostireliya an sauƙaƙa maka, akwai Trove na babban laburaren ƙasar, tsofaffin jaridu ne aka ɗauki hotonsu aka zuba a intanet kyauta. Jaridar farko ta yankin fitowarta ta farko ma a Landan aka buga a watan Yuni 1836, tun kafin a isa, ta biyu sai Yuni 1837 a Adelaide. In kana nema ka riƙa sauya rubutun suna, don na'urar da ke karanta tsohon bugu tana yawan kuskure, kuma su kansu magatakardan zamanin suna yi. Gidan da Light ya gina ya sa masa suna Theberton, sunan ƙauyen da ya girma a yankin Suffolk na Ingila, amma unguwar yau Thebarton ake rubuta ta. Kwarin Barossa ma shi ya raɗa masa suna don tunawa da yaƙin Barrosa na 1811 a Sifen, wajen kwafa aka juya haruffan. In ka nemi rubutu ɗaya kawai rabin abin zai wuce ka.

Yanzu ga inda safiyo ya bambanta da sauran, kuma nan nafi son a daɗe. Shi ma'aikacin gwamnati ne, an naɗa shi da takarda, ana biyansa da takarda, yana kai ƙorafi da takarda. An naɗa Light a farkon 1836, ya taso daga Ingila a watan Mayu cikin wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Rapid, ya isa tsibirin Kangaroo a watan Agusta. Sunan jirgi abu ne babba, ka riƙe shi da kyau, don jerin sunayen waɗanda suka shigo jirgi ɗaya yana nuna maka su waye mutanensa. A cikin Rapid akwai wata mace Maria Gandy, ka sa mata alama, zamu dawo kanta. An fara awon birnin ranar 11 ga Janairu 1837 aka gama a watan Maris, fuloti 1,042 kowanne eka ɗaya, 700 a kudancin kogin Torrens, 342 a arewa. Wasiƙun da suka riƙa kai da komo tsakanin Adelaide da ofishin kula da ƙasashen mallaka suna babban gidan adana takardu na Birtaniya da ke Kew a Landan, na Ostireliya ta Kudu suna ƙarƙashin lambar CO 13, kuma kundin bincikensu mai suna Discovery yana intanet kowa na iya dubawa. A cikin irin waɗannan wasiƙu zaka ga rigimarsa da Gwamna John Hindmarsh kan wurin da za a kafa birnin, da yadda aka matsa masa ya yi awon gaggawa na sama-sama ya ƙi, ya ajiye aiki a watan Yuni 1838, yawancin yaransa suka bi shi, ya buɗe kamfanin awo na kansa tare da Boyle Travers Finniss. Kada ka ce ai wannan maganar aiki ce ba ta iyali ba, a cikin takardar neman albashi ko neman fansho ne mutum yake ambaton matarsa da 'ya'yansa da wanda zai karɓa in ya mutu.

Ka koyi karanta littafin awo ko da kaɗan ne. Da sarƙa suke awo, tsawonta ƙafa 66, gaɓoɓinta 100, fili mai tsawon sarƙa 10 da faɗin sarƙa 1 shi ne eka guda. In ka buɗe shafi zaka ga layi biyu a tsakiya da lambobi a ciki, kuma daga ƙasan shafi ake karantawa zuwa sama, a gefe da gefe an zana bishiya ko rafi ko bukka da nisan kowanne daga layin. A saman shafi ko bayansa sau da yawa akwai kwanan wata da sunan waɗanda suka ja sarƙar. Wannan shi zai gaya maka ranar kaza mutumin yana wuri kaza, kuma hakan yana warware gardama da yawa, misali in ana cewa shi ne uban wani yaro alhali duk shekarar yana wata nahiya.

Sai filin da shi kansa ya mallaka. Masu awo kusan kullum suna samun fili mai kyau don su suka fara ganinsa, Light shi ke da gona mai lamba 1 a gefen kogin Torrens. Ka bi lambar filin daga hannu zuwa hannu, wa ya gada, wa ya saya, a wace shekara, saboda takardar cinikin fili tana faɗin dangantaka ƙarara, 'yar wane, matar wane, magajin wane. Kuma don Allah in kana rubuta wannan ɓangaren kada ka rubuta kamar daji ne babu kowa aka tarar. Ƙasar mutanen Kaurna ce, suna da sunansu na wurin, Tarntanya. Takardar sarauta da ta kafa yankin ranar 19 ga Fabrairu 1836 ma ta ambaci haƙƙin 'yan asalin ƙasar a kan filayen da suke zaune, amma aka yanka aka sayar ba tare da an waiwaye su ba. Tarihin gidan safiyo bai cika ba in ba a faɗi filin wa ya auna ba, abin nan yana ci min rai duk lokacin da naga an tsallake shi.

To ga babban cikas. Ranar 22 ga Janairu 1839 gobara ta tashi ta cinye ofishin filaye da safiyo da bukkar Light, takardunsa da zane-zanensa na shekaru masu yawa suka ƙone, watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Irin wannan zaka riƙa cin karo da shi, gobara, ambaliya, gara. Dabarar ita ce wasiƙa tana da baki biyu, in ta mai aikawa ta ƙone ta mai karɓa tana nan. Sai ka jera sunayen waɗanda ya yi hulɗa da su ka nemi takardunsu su. Sannan ka tambayi kanka, abin da ya tsira wa ya gada? Anan Maria Gandy ta dawo. Ita ta yi jinyarsa har ya cika, ita ya bar wa duk abin da ya mallaka a wasiyya, basu yi aure ba. A 1840 ta auri likita George Mayo, ta rasu 1847. Kayan Light da suka rage ta gidan Mayo suka bi har suka kai laburaren jiha da gidan zane-zane na Adelaide. Jikokinta sun shahara, akwai likita Helen Mayo da masanin halayyar ɗan Adam Elton Mayo, ba jinin Light ba ne ko kaɗan amma a gidansu tarihinsa ya kwana. Wanda yake neman masu suna Light kawai bazai taɓa ƙwanƙwasa wannan ƙofar ba.

Kuma sunan ma yana yaudara ta ɗaya gefen. Light ya yi aure sau biyu, na farko a 1821 a Ayalan da wata Perois, na biyu a 1824 da Mary Bennet, 'yar wani babban basaraken Ingila, Duke na Richmond, wadda aka haifa ba ta hanyar aure ba. Sun rabu a 1832 lokacin yana harkar aiki da rundunar ruwa ta Muhammad Ali Pasha na Masar, amma ba a yi saki a kotu ba, yaran da ta haifa bayan rabuwar da sunan Light aka rubuta su alhali ba nasa ba ne. Kaga in ka tsinci rajistar baftisma ta ce yaro kaza Light, uwa Mary Light, sai ka yi murna ka ɗora shi a bishiya, alhali an yi kuskure babba. Ka riƙa haɗa ranar haihuwa da inda uban yake watanni tara kafin nan, takardun jirgi da na aiki su zasu raba gardama. Muƙaminsa na Kanar ma haka, ka duba takardun sojan Birtaniya zaka ga ya shiga sojan doki a 1808 ya yi yaƙin Sifen da Fotugal har 1814, amma muƙamin laftanar kanar daga wata rundunar 'yan juyin juya hali a Sifen ya samo shi a 1823, inda aka ji masa rauni a Corunna.

Yanzu mu hau sama zuwa iyaye. An haife shi ranar 27 ga Afrilu 1786 a Kuala Kedah, Malesiya ta yau. Ubansa Kyaftin Francis Light, shi ne wanda a ranar 11 ga Agusta na wannan shekarar ya kafa tutar Birtaniya a tsibirin Penang da sunan kamfanin East India, wato kamfanin 'yan kasuwar Birtaniya da ke juya harkokin Indiya a lokacin, bayan ya yi yarjejeniya da Sarkin Kedah Sultan Abdullah Mukarram Shah, wanda ya yarda bisa tsammanin za a kare shi daga Siyam, wato Thailand ta yau, kariyar da kamfanin bai bayar ba. A 1791 sarkin ya yi yunƙurin karɓe tsibirinsa aka fi ƙarfinsa, aka koma biyansa dalar Sifen 6,000 a shekara. Da zarar bincike ya kai ka hannun kamfanin East India to laburaren Birtaniya a Landan zaka nufa, can takardun ofishin Indiya suke. Sannan akwai wata taska a makarantar SOAS, wasiƙu kusan 1,200 da sarakuna da fatake na yankin suka yi musaya da Francis Light cikin harshen Malay da rubutun Jawi, wato haruffan Larabci da aka ƙara wa ɗigo don su ɗauki sautin harshensu, daidai yadda muka yi da ajami. Wanda ya yi makarantar allo in ya ga hoton shafin zai iya fitar da haruffan da gaisuwar buɗewa ko da bai ji yaren ba. Darasin anan shi ne kada ka tsaya a takardun Turawa kaɗai, mutanen ƙasa ma sun yi rubutu kuma sun ga mutumin ta wata fuska.

Shi Francis ɗin an yi masa baftisma ranar 15 ga Disamba 1740 a ƙauyen Dallinghoo a Suffolk, rajistar ta ambaci uwa Mary Light, wurin uba babu suna. Wani mai ƙasa William Negus ne ya ɗauki nauyin karatunsa, shi ya sa aka daɗe ana cewa shi ne uban, wasu masu bincike kuma suka ce riƙo ne kawai aka bashi. A shafinka, sunan uwa ya shiga gefen takarda, maganar Negus ta shiga gefen an ce. Kada ka cike gurbi da zato don kawai bishiyar ta yi kyau, gurbi a buɗe ya fi sunan ƙarya.

Uwar William kuwa, Martina Rozells, ita ce gwaji mafi girma. Labarin da ya fi yawo shi ne wai gimbiya ce 'yar gidan sarautar Kedah, wai ma tsibirin Penang kyautar aure aka baiwa Francis. Wani hafsa Elisha Trapaud ne ya rubuta haka tun 1788, wato labarin tsoho ne ba ƙirƙirar yau ba. Amma John Crawfurd, jami'in da ya yi aiki a yankin daga baya, ya musanta, yace 'yar asalin Fotugal ce ta Siyam. Sunanta na Katolika ne, kuma a wasiyyar Francis, wanda ya rasu 21 ga Oktoba 1794 da zazzaɓin cizon sauro, bai kira ta matarsa ba, cewa ya yi tana zaune tare da shi tun 1772, ya bar mata gida da gonakin masoro. Ka lura da yadda ake auna shaida, wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, ya ganta da ido ko ji ya yi, me zai samu in an yarda da maganarsa. Labarin gimbiya yana wa Turawa daɗi don yana mayar da karɓe tsibiri ya zama kyauta. Kowane gida a duniya yana son ace daga sarauta ya fito, mu ma nan mun san yadda salsala take miƙewa ta nufi gabas in an zauna hira. Ba raina labarin baka nake ba, ka rubuta shi yadda aka faɗa da sunan wanda ya faɗa, amma a gefensa na shafin. Abin tausayi, dukiyar da aka bar wa Martina yawancinta bata zauna a hannunta ba, ta koma hannun abokan hulɗar mamacin, daga baya ta auri wani John Timmers, kaga nan ma suna ya sake sauyawa.

Shi ya sa nake ta nanata a bi mata. 'Yan uwan William su huɗu ne, namiji ɗaya Francis Lanoon, mata uku Sarah da Mary da Ann. Sarah ta auri James Welsh wanda ya zama janar a rundunar Madras, Mary ta auri George Boyd a Bengal. In kana neman jinin Francis Light a yau, dole ka nemi sunayen Welsh da Boyd a rajistocin cocin Indiya, ba Light kaɗai ba. Wasiyya ita ce mabuɗin wannan, don ita ke kiran 'ya mace da sunan mijinta. Wasiyyoyin masu hali na Ingila kafin 1858 da yawansu suna Kew ƙarƙashin PROB 11, rubutun hannu ne mai wuyar karatu, ka fara da gano sunaye da kuɗi, sauran zai biyo a hankali.

Hoto ma ka bi shi da hankali. Mutum-mutumin Francis Light da aka kafa a Penang a 1936 ba fuskarsa ba ce, babu hotonsa da aka sani, sai aka yi amfani da kamannin ɗansa William. In ka ɗauko ka saka a rubutunka ka ce ga kakan wane, ka faɗi haka a ƙasansa.

Wannan hanyar tana aiki a nan gida in Baturen safiyon da kake nema a Arewa ya yi aiki, sai dai su ba zama suka zo yi ba, aiki ne su koma, saboda haka iyalinsu a can zaka nema. Wasiƙun Najeriya ta Arewa daga 1900 zuwa haɗewar 1914 suna Kew ƙarƙashin CO 446, na Najeriya bayan haɗewa CO 583, a gida kuma akwai gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, ga jerin sunayen ma'aikata da gazet na gwamnati masu nuna ranar kama aiki da ranar tafiya hutu da sauyin wurin aiki.

In zaka rubuta wa ɗaya daga cikin waɗannan wurare imel, kada ka ce a turo min duk abin da kuke da shi kan wane, babu mai amsa maka. Ka duba kundinsu tukuna ka fitar da lambar fayil, ka faɗi cikakken suna da shekarun da kake nema da abin da ka riga ka duba, ka tambayi kuɗin ɗaukar hoton shafukan kafin su fara. In kuma binciken ya kai ka ga jikoki da suke raye, ka gabatar da kanka da ladabi, ka fara basu kwafin abin da ka samo kafin ka roƙi nasu, kuma kada ka wallafa sunan mai rai ko maganar haihuwar waje da ta shafi iyayensa na kusa sai ya yarda.